Harsashi Hamsin na Da Davou

Shekara tara muka yi da Davou a wurin gyaran kekunan guragu na council, wato ƙaramar hukuma, a Birmingham. Ni ina walda, shi yana saita taya da birki. Mutumin Vom ne ta Jihar Filato, ya girme ni sosai, don haka nake ce masa Da Davou, yadda mutanensu ke kiran babba. Ba shi da yawan magana, ni ma haka. Shi ya sa muka jitu.

Ba aikin ne ya riƙe shi a ƙasar nan ba. Yana cikin wani kulob na masu harbin allon takarda daga nesa. Yana da lasisi, yana da bindiga ɗaya, kuma ba ya sayen harsashin kanti, da hannunsa yake ɗura nasa. A ɗakin baya na gidansa a Sparkhill ya kafa teburi. Sai ya wanke kwanson harsashin, ya auna tsawonsa, ya zuba albarushi a sikeli. In ya ɗara da ƙwaya ɗaya, ya sa hantsaki ya ɗauke ta. Na taɓa zama awa biyu ina kallonsa, harsashi goma sha biyu ya gama.

Na ce, "Da Davou, duk wannan wahalar don ka huda takarda?"

Ya ce, "Kai da kake walda kamar mai liƙin tukunya, me ka sani?"

Abu ɗaya yake nema: harbi goma daga yadi dubu, duka su taru a inda faifai zai rufe. Shekara uku yana binsa. Ya ƙara albarushi kaɗan, ya rage, ya sauya zurfin zaman kan harsashin, ya gwada. Ni nake kai shi filin harbin a motata. Kullum takwas ko tara su taru, ɗaya ya fanɗare. Ba ya zargin iska. Sai ya naɗe takardar ya ce mu tafi.

A 2013 council ta rufe wurinmu. Ni na koma tuƙin tasi. Shi ya sami aikin agency, na wucin gadi, a wani warehouse na ajiyar kaya a Manchester, yana kwana can Litinin zuwa Juma'a, a ɗaki ɗaya da mutum uku. Yana da shekara hamsin da takwas yana ɗaga kwali. Hannunsa ya fara rawa. Asabar ba ya iya auna komai, sai Lahadi bayan coci in hannun ya lafa. A haka ya yi wata huɗu kafin ya haɗa harsashi hamsin. Ya ce mini wannan karon ya gano inda matsalar take, jira kawai yake sanyi ya wuce.

Bindigar tana cikin akwatin ƙarfe da aka ɗaure a bango. Dokar a fili take: in ba mai lasisi ba, babu wanda aka yarda ya kai ga mabuɗin, ko da matarka ce. Davou ya sani. Amma da zai fara tafiya Manchester ya miƙa wa matarsa Catherine. Na yi masa magana sau ɗaya.

Ya ce, "A gidanmu namiji ba ya tafiya da mabuɗin rumbu a aljihu. Shekara ashirin da shida kowane mabuɗi yana hannunta. Yau in ce mata banda wannan?"

Ban sake ba. Gidansa ne.

Lokacin sabunta lasisi ya zo, jami'in da ke duba akwatin ya ba shi Juma'a ƙarfe biyu. Davou ya roƙi rabin yini, ya hau bas ɗin coach, suka maƙale a hanya. Jami'in ya iso kan lokaci. Catherine ta shigar da shi falo, ta kawo masa shayi da cincin. Ya yi rabin awa yana duba agogo. Ita kuwa ba ta iya ganin baƙo yana jiran mijinta a banza. Ta tashi ta ɗauko mabuɗin daga cikin gwangwanin zare, ta ce ya zo ta buɗe masa ya fara dubawa.

Daga baya ta ce mini, "Baban Nuru, mutumin ya kalli mabuɗin, ya kalle ni, ya ajiye kofin. A nan na san na yi wani abu, amma ban san mene ne ba."

Jami'in bai yi faɗa ba. Har haƙuri ya ba ta. Ya dai rubuta abin da ya gani. Kafin sati ya ƙare aka zo aka ɗauki bindigar da harsashi hamsin ɗin, wasiƙar soke lasisi ta biyo baya. Daga bisani bindigar ta tafi wurin dillalin bindigogi.

Ina gidan ranar da wasiƙar ta zo. Catherine tana tsaye bakin kicin tana kuka, tana cewa ita ta jawo. Davou ya ninke takardar.

"Ni na ba ki," ya ce. "Zuba wa Baban Nuru abinci."

Ban ji sun sake tayar da maganar ba. Amma ya fara karɓar shift na Asabar, sai ya yi sati uku bai zo Birmingham ba.

Wani tsohon Bature ɗan kulob ɗinsu ya neme ni da bazara. Ya ce in Davou zai faɗa masa awon, zai ɗura irinsa, ya harba da tasa bindigar, ko don mutumin ya san ko ya dace. Na ga abin kirki ne. Na tuƙa har Manchester na same shi lokacin break, yana zaune kan pallet, katakon ɗora kaya, yana murza yatsunsa. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ka yi masa godiya. Kowace bindiga da abin da take so. Awon nan na tawa ne. A tasa ba zai nuna komai ba."

Na ce, "To ke nan ba za ka taɓa sani ba?"

"Ba zan sani ba."

Aka buga ƙararrawa. Ya sa safar hannunsa ya koma ciki, ni kuma na kama hanyar Birmingham.