Sunan da Ban Ɗauka Ba

A shekarata ta ƙarshe a kwaleji a Gusau, malaminmu na adabi ya ce kowa ya rubuto kundi a kan waƙar baka. Na zaɓi waƙar niƙa. Ba wai don ina sonta ba, sai don ina da kaka a 'Yandoto, mahaifiyar innata, wadda aka ce a ƙuruciyarta in ta durƙusa gaban dutse har maƙwabta kan tsaya jikin danga su saurara. Na ce aiki ya zo da sauƙi.

A lokacin kaina cike yake da adon harshe. Kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa, duk na haddace su da misalansu. Ko faɗa ake yi a mota, ina zaune ina rarrabe wanda ya yi habaici da wanda ya yi zambo. Ina ji da kaina ƙwarai, kuma ba ni da haƙuri. Har yau ban gama samunsa ba.

Na isa da hantsi, na ajiye wayata a kan tabarma na ce, "Tsohuwa, yau ranarki ce. Waƙa na zo ɗauka."

Ta dube ni sheƙeƙe. "Ke da ko dama fura ba ki iya ba? Waƙar niƙa ba ta fita sai da dutse, 'yar boko."

Dole muka jawo dutsen daga bayan rumbu, inda ya zama wurin shan ruwan kaji tun da injin niƙa ya shigo gari. Na wanke shi ina ƙunƙuni. Ta zuba gero, ta durƙusa da ƙyar. Kafin ta fara sai ta nuna wayar da haɓa.

"Wanga abu naki, yana riƙe magana?"

"Har bayan ranki, Kaka."

"To ki riƙe duka. Akwai wanda ba ni kiran sunansa sai a nan."

Na san wanda take nufi. Ɗanta na fari ne, wanda ya rasu kafin yaye, a wani ƙauye inda ta yi auren farko, shekaru da yawa kafin a haifi innata. Kunyar ɗan fari ta hana ta faɗin sunansa yana raye, da ya mutu ma ba ta sake ba. "Wancan yaron" take cewa. Waɗanda suka halarci sunansa duk sun riga ta tafiya, innata ma ba ta san sunan ba. Na gyaɗa kai, amma hankalina yana kan cajin waya, don an kwana uku babu wuta.

Ta fara a hankali, muryar tana rawa, sannan ta daidaita da tafiyar dutsen. Da ta ce zuciyarta kamar tukunyar da aka manta a murhu, na rubuta kamantawa. Da ta ce dutse ya ji kukanta ya kawar da kai, na rubuta mutuntarwa, har na ja layi biyu don murna. Shafina yana cika, ina lissafin babi na uku ya samu.

Daga nan waƙar ta canza. Ta rufe ido ta shiga jero mutane: wance ta haifi wane, wane ya tafi lokacin kaka, wance ta bi shi da bazara. Sunaye ne kawai, ɗaya bayan ɗaya, babu ado ko na sisi. Na duba takardata, babu gurbin da zan saka wannan. Na duba caji, ya yi ja. Sai na miƙa yatsa na tsayar da ɗaukar. Na duƙufa ina gyara abin da na rubuta, tana ta kiran matattunta a gefena, ni kuwa ko ɗaya bai zauna mini a kunne ba.

Da na ga jerin ya ƙi ƙarewa, na sake kunna ɗaukar na katse ta. Ta buɗe ido, hawaye ya jiƙa mata fuska har wuya.

"Kin riƙe?"

"Na riƙe," na ce.

Ta yi ajiyar zuciya, ta share fuska da gefen zane. Ta ce to alhamdu lillahi, ta sauke, gwiwoyinta ba za su sake durƙusa wa dutse ba. Ƙaryar ta ɗan dame ni a mota, amma na ce in an yi hutu zan koma in lallashe ta ta sake. Hutu ya zo hanya ba lafiya, bayansa kuma jarrabawa. Da damina aka bugo aka ce Kaka ta cika.

Kundin ya yi kyau. Malam ya rubuta a bango cewa na fito da adon harshen waƙar sarai.

Wata huɗu bayan rasuwar, matar yayana ta haifi namiji a gidanmu na Bungudu. Ana gobe suna, gida cike da mata ana gyaran shinkafa, Inna ta kira ni ɗakinta ta tura ƙofa. Fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun kafin makoki.

"Kakarki ta gaya mini kafin ta rasu, sunan yayana, ɗanta na fari, yana cikin wayarki. Na yi magana da uban yaron, shi za a sa. Kunna mini."

Da na iya gudu da na gudu. Na zauna a bakin gado na kunna. Ƙarar dutse ta cika ɗakin, sannan muryar Kaka. Inna ta dafe baki, ta matso da kunnenta. Aka wuce tukunya, aka wuce dutse mai kawar da kai. Kaka ta shiga jerin, ta kira sunaye biyu da Inna ta riga ta sani, sai ɗif. Abin da ya biyo baya muryata ce, tas, da ƙosawa a ciki: "Kaka, bar wannan. Koma wurin tukunyar nan, shi nake so."

Inna ta ce in sake. Na sake. Ta ce ko akwai wani a ajiye. Na ce babu. Ta ce to ai ina wurin, na ji da kunnena. Na ce rubutu nake yi.

Ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana kallon wayar a hannuna.

"Ta mutu tana ganin ta ba ki," ta ce.

Ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta fita ta gaya wa yayana ya zaɓi duk sunan da ya ga dama.