Littafin Habboba da Ya Maƙale a Matba'ar Sinnar

Ai da na ga kuna ta hirar buga littafi a nan sai da na ajiye kofin shayina, don ni ma na taɓa shiga wannan, kuma har yau in na tuna sai in rasa wa zan ba gaskiya. Ku bari in ba ku tun daga farko.

Shekarun baya, tun ƙasa tana zaune lafiya, ina hillarmu, wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Suki, nan gabas kan tsohuwar hanyar alhazai, a bakin kogi. Makaranta da Larabci muka yi ta kamar kowa. Rubutun Hausa na boko kuwa a waya na koya ni kaɗai, ina bin abin da mutanen Najeriya suke rubutawa ina kwaikwayo, har abokina yana tsokanata wai in na buɗe baki kamar an kunna rediyo. Da hannuna ya ɗan faɗa sai na ji duk yankinmu na Jazira ba marubuci sai ni, na shiga neman abin rubutawa.

Ban je da nisa ba, ga Habboba, kakata ta wajen uwa, zaune kullum kan angareb ɗinta, gadon nan na igiya, ƙarƙashin rumfa. Ita a hanya aka haife ta. Mahaifinta ya taso daga yamma da ƙafa, da jaki guda, da niyyar aikin hajji. Da suka iso nan guzuri ya ƙare, ya ce bari a tsaya a tsinci auduga shekara ɗaya sannan a wuce. Shekara ta zagayo ya ce baɗi. Har ya rasu akwai wani ƙunshin kaya rataye a rufin ɗakinsa wanda ba a yarda kowa ya kwance ba, wai kayan tafiya ne. Habboba tana ba da wannan labarin tana dariya har tana share ido, kuma babu yaron da ya tashi a hillarmu bai ji shi ba.

Na ce mata zan mai da shi littafi. Ta dube ni, da yake akwai wasan jika tsakaninmu, ta ce, "Maigida, kai da ko cefane ba ka kawo mini, littahi za ka yi mini? To yi, in riƙa da hannuna kahin in tahi." Wannan maganar ita na riƙe. Ba suna nake nema ba, ko dai ina nema kaɗan, amma babban abin shi ne tsohuwar nan ta riƙe littafinta tun tana da rai, don a lokacin ta fara yawan kwanciya.

Na ɗauki muryarta a waya, na rubuta komai, da sunayen garuruwan da suka biyo, da waɗanda suka zo tare, da gidan da kowa ya kafa. Sai na yi wata dabara da nake ganin ba a taɓa yin irinta ba. Yawancin sa'o'ina ba su iya karanta boko ba, wasu ma Hausar tasu ta kusa tafiya, don haka kowane shafi na Hausa na sa masa fassarar Larabci a gefe.

A birnin Sinnar na samu wani mai matba'a, ɗan ƙaramin shago bayan kasuwa. Katin aure yake bugawa da littattafan bita na 'yan makaranta, jefi-jefi kuma ya fitar da littafin wani mai waƙa da sunan shagonsa. Balarabe ne, dattijo, Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Ya karanta ɓangaren Larabcin a tsaye, bai zauna ba, sannan ya cire tabarau ya ce shekara da shekaru yana cin kasuwa da mutanenmu bai san haka suka zo ba. Ya ce shi zai fitar da shi, ya fara kirana ustaz. Har bango muka zaɓa, hoton hannun Habboba riƙe da auduga. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na faɗa wa duk wanda na gamu da shi, har mai tuƙa hafila, motar hayar da ta kawo ni.

Daga nan abu ya fara juyewa. In na kira sai ya ce wuta ce babu. In na sake kira, takarda ce ba ta iso ba. Rannan na shirya na je da kaina, na tarar injin yana ta aiki, takarda jibge har rufi. Ya zaunar da ni, ya aika a kawo shayi, ya tambayi lafiyar gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Ya ustaz, ma'alesh, ka yi haƙuri. Littafin nan ba zan buga shi ba."

Na tambaye shi ko rubutun ne bai yi ba, ya ce rubutu ya yi. Ko hukuma ce ta hana, ya ce babu ruwan hukuma. To mene ne? Ya ce in sha shayina kar ya huce. Na ɗaga murya, na ce ya ba ni magana a gaban mutane, na gaya wa duk hilla, tsohuwa tana jira. Har na ce zan rubuta a Facebook kowa ya san irin halinsa, ni da mabiyana a lokacin ba su cika hafila ɗaya ba. Bai yi fushi ba. Abin da ya fi ɗaure min kai ke nan, mutum ya karya maka alkawari kuma yana kallonka kamar shi aka cuta.

A nan wajenmu in rigima ta taso ba ka zuwa kai kaɗai, dattijo kake ɗauka ya shiga tsakani, ajawid muke ce musu. Sai na nufi Kawu, yayan mahaifiyata, wanda ko faɗan ruwan ban-ruwa aka yi tsakanin masu hawasha, gonakin nan na mashru'i, shirin noman gwamnati, shi ake kira ya raba. Na kwashe komai na gaya masa. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce to, mu je.

Muka hau hafila. Da muka sauka a Sinnar ya wuce gaba, ya ratsa ta lungun masu hatsi, ya tsaya daidai ƙofar shagon, ni ina bin sa a baya. Na ce a raina, dattijo ke nan, ko'ina ya sani. Mai matba'a ya aika a kawo jabana, gahawarmu, ya ce wa mai kawowa ta baƙon nan kar a sa sukari. Kawu yana da ciwon sukari. Na ji wannan da kunnena, na ce kai, mutumin nan akwai lura.

Aka zauna sulhu. Na faɗi nawa da zafi. Kawu ya ce yaro yana da gaskiya, amma mai matba'a ma yana da gaskiya. Mai matba'a ya ce abin da Hajji, wato Kawu, ya faɗa shi ne daidai. Kawu ya ce kowane abu da lokacinsa. Mai matba'a ya ce wallahi haka ne. Ina ta juya kai daga wannan zuwa wancan ina jiran a zo kan maganar littafi, sai kawai na ga sun ɗaga hannu za a yi Fatiha. Ni ma na ɗaga. Har muka shafa ban san a kan me muka shafa ba.

Mahaifiyata ce ta warware min, washegari da safe tana gasa kisra, wainarmu ta dawa. Na tsuguna ina ta ƙorafi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce wai ni har yanzu ban gane ba? Ai Kawun naka ne ya je wajen mutumin tun farko, tun ranar da ka zo kana shela. Ya roƙe shi ya bari, ya kuma sa shi ya rantse ba zai faɗa maka ba. Dalili kuwa, babban ɗan Kawu yana neman jinsiyya a lokacin, takardar zama ɗan ƙasa, don ya shiga aikin gwamnati, kuma dattawan hilla sun riga sun yi masa shaida cewa kakanninsa a nan suka tashi. Ga ni kuma zan fito da littafi, da Larabci, da sunan kakan, da garin da ya baro, da hanyar da ya biyo. Ko da ba wanda zai duba, in ji ta, Kawu ba zai iya barci ba.

Na ce to ai kowa ya san labarin, a bainar jama'a Habboba take ba da shi. Na tashi na je wajenta da wannan hujjar, ina ganin na kama su. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ni da Hausa na ba ka shi, maigida. Wa ya ce ka kai shi kasuwa da Larabci?"

A nan na gane. Ashe a hillarmu akwai abin da ake faɗa da Hausa, akwai abin da ake faɗa da Larabci, kuma kowa ya san iyakar sai ni. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya min, don ba abu ne da ake gaya wa mutum ba. Ni da nake ganin na fi kowa son Hausa, ni ne na buɗe ƙofar.

Na koma Sinnar, wannan karon murya ƙasa. Na ce masa na san komai, ya sauke numfashi kamar an ɗauke masa buhu. Na ce to a cire Larabcin a buga Hausar kawai. Ya tambaye ni wa zai karanta. Ya ce tsofaffinmu ba su san boko ba, yaranmu Larabci suke karantawa, shi kuma ba ya sa sunan shagonsa a kan abin da bai iya karantawa ba. Na ce to a canza sunaye. Ya ce in an canza, littafin kakarka ne ko na wata?

Da zan tafi ya jawo wani abu daga ƙarƙashin tebur. Samfurin da ya haɗa ne tun farko don gwada bango, an ɗinke shi tsaf, ga hoton hannun Habboba da auduga, amma ciki farar takarda ce zalla. Ya ce wannan bai shiga rantsuwa ba.

Na kai mata ina jin kunya. Ta karɓa, ta daɗe tana kallon hannunta a bango, tana gwada shi da na jikinta. Ta buɗe ciki, ta bi shafukan ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ba ta yi sauri ba. Sannan ta ce aƙalla na cika alkawari ɗaya a zaman aurenmu, ta tura shi ƙarƙashin matashinta. A nan muka same shi da ta rasu.

Na daɗe ina jin haushin mai matba'a, daga baya na mai da haushin kan Kawu, daga baya kuma na rasa inda zan ajiye shi. Mutumin ya karya min magana don ya cika wa wani. Kawu ya rufe ni, amma ɗansa ya samu takardarsa ya samu aiki, yara suna ci daga ciki. Ni kuma ban yi ƙarya ko ɗaya a littafin ba. In kun ce in faɗi darasin da na koya, gaskiya ban da shi a shirye.

Abin da ya ƙara rikita ni kuwa bai daɗe da faruwa ba. Kawu ya kira ni a waya, ya tsufa sosai yanzu. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaya ko rubutun nan na Habboba yana nan. Na ce yana nan. Ya ce jikokinsa, 'ya'yan wancan ɗan nasa da suka tashi a garin Managil, sun tambaye shi daga ina kakanninsu suka zo, ya fara ba su labari ya ga ba sa jin Hausa, shi kuma in ya juya shi da Larabci sai ya ji ba shi ba ne. Na ce to in turo masa muryarta? Ya ce, "A'a, ɗana. Na Larabcin za ka turo."

Na tura masa.

Ku fa, a gidajenku akwai labarin da kowa ya sani amma ba a yarda ya fita ƙofa ba? In wani ya taɓa tare muku hanya irin haka, ku ba ni labari a ƙasa, ko na gane abin da ya same ni.