Ya Safiyatu da Sarkin Ruwan Legas

Idan ka sauka Gashua kana neman gidan Safiyatu mai bandar kifi, ba sai an raka ka ba. Ka bi hayaƙi can bayan gada, inda magunan unguwa suke zarya. Yanzu ba ta gani ko kaɗan, amma da hanci da yatsa take sanin kifin da ya yi da wanda da saura, kuma har gobe babu mai cutar ta a ciniki. 'Yar kawuna ce, taubashiyata ke nan, don haka duk abin da na faɗa a kanta ina da hurumin faɗa. Ni sunana Talatu, barkono nake sayarwa a kasuwar Nguru.

A gidan masunta aka haife ta. Kawu yana kamowa, matan gida suna ƙyafewa, tun ba ta kai tsawon murhu ba take naɗe tarwaɗa tana soke ta da tsinke. Da aka yi mata aure, da ragar bandarta ta tare. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya, da hayaƙin nan ta aurar da matan, ta kai mazan makaranta. Ba ta da fara'ar banza, ba ta ragi, kuma ba ta taɓa sayar wa mutum kifin da bai bushe har ciki ba. Shi ya sa 'yan kasuwar kudu suke jira a ƙofarta ko da na maƙwabta ya fi araha.

Abin da ke haɗa ni faɗa da ita shi ne ƙa'ida. A wajensu kowane ruwa yana da sarkinsa. Baƙo ba ya matsawa bakin ruwan wani gari sai ya kai goro, ya faɗi sunansa da na ubansa, an ce masa bismillah. Akwai bikin da ta zo Nguru, muka je wanke tukwane a tafkin bayan unguwarmu, tafkin da yara da jakuna suke shiga yadda suka ga dama. Matar nan ta tsaya ƙyam sai da aka nemo mata wani tsoho da ko shi kansa ya manta shi ne mai ruwan. Ranar sai da shinkafar biki ta yi latti.

Ciwon idon daga gefe ya fara cin ta. Ta yi ta ɓoyewa, sai ranar da ta taka akuya kwance a tsakar gida ta hau ta da faɗa wai ita ta shigo gabanta. Na ja ta zuwa asibiti a Nguru tana tirjiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma ya riga ya yi nisa. Maganin ɗigawa zai rage masa gudu, amma abin da ya tafi ya tafi, ragowar ma tafiya zai yi. A lokacin ganinta ya koma kamar na mai leƙe ta hudar ƙofa. Ni na yi ta kuka a cikin keke, ita kuwa ta ce in rufe mata baki ina ba ta kunya. Sai da muka kusa tasha ta yi magana.

"Kifina ya je Legas ya fi a ƙirga, ni ko Kano ban taɓa wucewa ba. Kafin fitilar nan ta mutu sai na ga teku."

Na ce da kuɗin uban wa? Ta ce da na nawa uban, tunda mijin gwaggonta ne.

Muka kai maganar wajen Akudo, wata 'yar Ibo da ta daɗe tana sayen kifinta tana kaiwa Legas, wadda Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Akudo ta dafe kai. Ta ce ƙarshen shekara ne, lokacin da mutanen ƙasashen waje suke cika garin don shaƙatawa, ɗakin kwana da mota da ko ruwan sha duk sun yi tashin da talaka ba ya ko kallo. Ta ce a bari sai bayan biki. Ya Safiyatu ta ce ta tambayi idon ko zai jira. Shi ke nan magana ta ƙare.

Haka muka yi tafiyar marasa ƙarfi. Fatihu, mijin 'yar Ya Safiyatu, shi ke jan motar kifi, ya ba mu gaba muka matsu mu uku har da Akudo, ƙauri yana bin mu har cikin mayafi. Guzurinmu garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dakuwa, dambun kifi da yajina. Masaukinmu ɗakin Akudo ne a bayan kasuwa, tabarma ɗaya, ƙafata a bakin ƙofa. Duk hanya ina mita, ita kuwa fuskarta a taga tana juya kai a hankali, don sai ta juya kan gaba ɗaya take iya kallon abu. Yini ɗaya tal muke da shi, domin washegari mota za ta juyo.

Da safe muka hau bas. Muna kan wata doguwar gada sai ga ruwa dama da hagu, Ya Safiyatu ta fara hamdala da ƙarfi har mutane suna waiwaye. Akudo ta ce ai wannan ba shi ba ne, wannan ƙaramin ne na cikin gari. Ya Safiyatu ta ce kada a mayar da ita 'yar ƙauye. Sai da direba ya sa baki ta yarda, ta yi sauri ta sunkuyar da kai, wai ta kalli ruwan mutane ba izini.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne a kewaye teku da katanga. Wallahi katanga, da ƙofa, da mai gadi. Ana jin rugugin ruwan daga waje, amma ko ɗigo ba a gani. Motoci masu sheƙi suna shiga, kiɗa yana tashi, 'yan mata da gajerun wanduna suna ɗaukar hoto. Kuɗin shigar mutum ɗaya da mai gadin ya faɗa, da shi za mu ci abinci har mu koma gida, wai kuma ƙullin guzurinmu ma sai an biya masa nasa. Nan na zuba masa Hausa son raina, na tambaye shi ko ubansa ne ya haƙa ruwan. Allah ya taimake ni ba ya ji. Muka gwada ƙofa ta gaba, da ta gaba da ita, kowace ta fi 'yar'uwarta tsada.

Rana ta take tsaka, ƙafafunmu sun kumbura. Tsoro ya kama ni sosai, na ga za mu mayar da matar nan gida da ƙarar ruwa kawai a kunne. Akudo ta ce za ta biya wa Ya Safiyatu ita kaɗai, mu mu jira a waje. Ni ma na fara kwance 'yan kunnena. Sai Ya Safiyatu ta ce kowa ya mayar da abinsa, ko kyauta aka buɗe mata ba za ta shiga ba, tunda ba ta gaida mai ruwan ba. Na ji kamar in kwasa mata mari.

Ta sa Akudo ta tambayi mai gadin ina sarkin ruwansu. Ya ce manaja yana ofis. Ta ce a tambaye shi ko manajan yana sana'ar su. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya sosa ƙeya ya ce in masunta muke nema, mu bi katangar nan har inda kwalta ta ƙare.

Muka bi. Tafiya ta yi tafiya, ina gaba ina tsine wa ƙa'ida da wanda ya ƙirƙiro ta. Can sai Ya Safiyatu ta tsaya ta ɗaga hanci, ta ce ana banda a kusa, kuma wutar ta yi yawa. Muna shan kwana sai ga bukkoki, da manyan kwale-kwale a kife, da mata kewaye da ganguna suna hayaƙi. Bayan bukkokin kuwa ga teku nan a buɗe, babu katanga babu mai gadi. Ni na saki baki ina kallonsa. Ita kuwa ta ja mayafi ta kare fuska, idonta a kan yatsun ƙafarta. Na ce tun daga Yobe ta taso don ta kalli ƙafa? Ko kula ni ba ta yi ba.

Aka kai mu wajen shugabansu, wani tsoho mai faɗin kafaɗa da ke zaune yana ɗinkin koma. Ya Safiyatu ta durƙusa ta ajiye goro. Ta faɗi sunanta da na kawu da sunan koginmu, Akudo tana juyawa da Yarabanci. Sannan ta kwance ƙulli ta fito da tarwaɗa ta miƙa masa. Kunya ta kusa kashe ni. A ce ka ɗauko kifi daga bakin hamada ka kawo wa mai teku tsaraba.

Tsohon ya ajiye komar. Ya juya kifin, ya karya, ya shinshina, ya kai baki. Ya daɗe yana taunawa, sannan ya ƙwala wa matarsa kira, wadda suke ce wa Mama Tayo. Ya ce wa Akudo baƙi suna zuwa nan kullum da na'urar hoto, amma rabon da wani ya gaishe shi haka tun zamanin mahaifinsa.

Kafin ka ce me mata sun kewaye ta. Mama Tayo ta ja ta zuwa gangarta, Ya Safiyatu ta zura hannu ta rage wuta, suka kama gardama a kan ɓawon kwakwa da itacen ƙirya, kowace da yarenta, kowace tana ganin ta yi nasara. Akudo ta gaji da fassara ta zauna. Aka kawo mana tuwon rogo da miyar wani kifi mai faɗi, na zuba musu yajina, wata ta yi ta tari ana mata dariya. Na ci na ƙoshi, amma idona yana kan rana da ta fara karkata. Duk wannan hidimar Ya Safiyatu ta ba ruwan baya.

Sai da aka wanke hannu tsohon ya miƙe, ya ce a faɗa wa baƙuwa ruwan nata ne, ta shiga lafiya. Mama Tayo ta kama hannunta na dama, na kama na hagu, muka taka rairayi har inda yake da danshi. Sannan ta sauke mayafin.

Ta fara daga hagu, tana juya kai kaɗan-kaɗan har ta kai dama, ta sake dawowa. Igiyar ruwa ta taho da kumfa ta daki ƙafafunmu, zannuwanmu suka jiƙe har gwiwa. Matar da ba ta dariya a kasuwa ta ƙyalƙyale kamar yarinya. Ta ɗebo da tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce wanda ya yi miyar nan ba shi da hannu, ya cika gishiri. Ta ce in nuna mata jirgi, na juya kanta da hannuna har ta same shi. Daɗi ya cika ni har na manta da ciwon ƙafa.

Daga nan ta daina dariya. Na ga tana ƙanƙance ido, tana miƙa wuya gaba, hannunta ya matse nawa har ya yi min zafi.

"Talatu, ban da wasan taubasai, ki faɗa min gaskiya. Ina tsallaken?"

Na ce babu.

"Babu, ko ni ce ba na gani?"

"Babu, Ya Safiyatu. Ni ma ban gani, Akudo ma ba ta gani. Ruwa ne kawai har ya haɗu da sama."

Ta saki hannuna a hankali. Hawaye yana bin kuncinta, bakinta kuma yana dariya, ta sake gyara tsayuwa ta fuskanci ruwan sosai.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe yau duk abin da kuke gani, ni ma shi nake gani."