Muƙamuƙin Baffa Ya Riga Shi Shiga Kabari

Shekarun baya, zamanin da kuɗin fetur ya fara shigowa har irinmu malaman firamare muka hau sabon babur, wani kumburi ya fito wa mahaifina a muƙamuƙi. Baffa muke ce masa. Yana noma yana kiwo a wani ƙauye bayan Gwiwa, kuma Allah ya yi shi da kaifin baki, in ya yi maka faɗa sai ka kwana kana jin sa. An yi tofi, an yi sakiya, abin sai gaba yake yi, har tuwo ya gagare shi.

Na kai shi babban asibiti a Kaduna. Likita ya ce ƙashin ya ciwu, sai an yanke shi, a ciro haƙarƙarinsa guda a gina masa wani, in ya kama a sa masa haƙora. Baffa ya yarda, amma da sharaɗi. Abin da aka cire kada a zubar, a kai gida a binne kusa da iyayensa, kada ranar tashi ya tashi ba baki.

Da ƙyar da magiya suka ba ni ƙashin da aka yanke, na naɗe a farin ƙyalle. Ni ɗan boko mai cika bakin ba na tsoron komai, sai rawar kai ta sa na leƙa. Haƙoransa na nan a jiki, jajaye da goro, har da wanda saniya ta ɓantare masa. Wallahi ji na yi kamar zai daka mini tsawa. A motar Kazaure na rungume jakar a cinya, ban gaya wa kowa ba, amma wata tsohuwa da ke gefena ta matsa ta ce, "Ɗan nan, wa ka ɗauko?" Na ƙara ƙanƙame jakar, ita kuwa ba ta sake dubana ba.

Liman ya ce ba a yi wa ƙashi salla, a dai suturta shi. Na zaci ɗan rami za a tona. Ina! Tsohon da ke haƙar kabari ya karyo karan dawa ya auna tsayin ƙanen Baffa, tunda tsawonsa ɗaya da Baffa, alhali wa da ƙanen sun yi shekaru ba sa ga maciji kan shanun gado. Ya shata wuri cikakke, ya haƙa wajen kai kaɗai, ya kwantar da ƙashin yana kallon gabas, ya rufe sauran filin da ƙaya. Yana karkaɗe hannu ya ce in sauran ya zo sai ya tarar.

Baffa ya dawo gida, aiki ya yi kyau, likita ya ce ba abin da zai hana shi magana. Amma shiru. Ko uhum. Kullum bayan la'asar sai ya ɗauki sandarsa ya tafi maƙabarta, ya tsuguna a wajen, ya karkata kai kamar mai sauraron wani. Lokacin komawa sa haƙora ya zo ya wuce, sai kunu yake ɗan kurɓa, ya rame ya zama kamar kara. Mahaifiyata ta ce wurin ne ke kiransa. Na yi mata dariya a baki, amma na ga muna rasa shi da ransa.

Ran nan na bi shi. Haushi da tsoro suka haɗu mini, na fara janye ƙayar, na ce yau sai na tone abin nan na kai shi nesa. Sai ya damƙe hannuna. Muryar da ta fito ba wadda na sani ba ce, siririya, tana harɗewa.

"Bar shi. Shi ya yi zagin, shi ya yi rantsuwar. Ina tsoron an fara tambayarsa, ni ina nan ina yawo."

Na saki ƙayar. Na ce ai ba a tambayar ƙashi, Baffa. Ya shafa sabon muƙamuƙin ya ce wannan bai faɗi komai ba tukuna, ya rasa da me zai fara.

Ya miƙe, bai nufi gida ba. Ƙofar ƙanensa ya je ya yi sallama. Mutumin ya fito yana tambayar ko wane ne, don bai gane muryar ba. Baffa ya nuna wajen maƙabarta da sanda ya ce, "Ka yafe wa wancan."

Daga baya an sa masa haƙoran, ya ci nama, ya ga jikoki, amma ban ƙara jin ya ɗaga murya ba har ya koma ga Allah. Ni da na gaji bakinsa, har yau in baƙar magana ta zo mini kan harshe sai in ji haɓata ta yi sanyi. Shi ya samu ya binne nasa ya nemi gafara da wani. Ni guda ɗaya gare ni, da shi za a sa ni a kabari.