Wanda ya cinye ni a ces yau

Jama'a, ku ji abin da ya same ni.

Ina tashar Kawo, mota ba ta cika ba, sai na buɗe waya ina buga ces, darar Turawa mai saurin nan, da wani baƙo a intanet. Na kai hari, na bar sarkina a fili, ya cinye ni. Sai ya rubuto: "Auwalu, har yanzu ba ka rufe gida kafin ka fita?"

Yaya Sani kaɗai ke gaya min haka, wana da ya tafi Libiya muka daina jin ɗuriyarsa!

Na rubuta: "Yaya, kai ne? Umma kullum sai ta ambace ka."

Ya ce: "Mu sake."

Na tsare sarkina, ina jan wasan don kada ya tafi. Lokacin da aka ba ni a wasan na ƙarewa ya sauka daga intanet. Yanzu me zan gaya wa Umma?