Tururuwa a Cikin Ludayi

Cikina na biyu yana wata takwas nonona ya fara ɗiga. Wani abu ne rawaya mai kauri, yana manne wa riga. Kwana uku ina ɓoyewa, har ranar da na sunkuya ina tankaɗe, uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta hango tabon a ƙirjina. Ta ajiye tsintsiyar hannunta ta shiga ɗaki.

Ɗana na fari bai cika mako biyu a duniya ba. An yi masa yadda ake yi a ƙauyenmu na ƙasar Safana: kwana uku ba a sa shi a nono ba, ana matse daƙashi, wato nonon farko, ana zubarwa, shi kuma ana ɗura masa madarar shanu da ruwa. Gudawa ta kama shi, ya koma. Babu wanda ya tuhumi madarar ko ruwan. Ni aka zuba wa ido, aka ce nonona ne ba shi da kyau. Na haɗiye, amma har yau abin yana ci mini rai.

A wannan cikin na nace sai da na fara zuwa awo Batsari. Malamar asibitin ta ce mana wannan rawayan da muke zubarwa shi ne abincin jariri na farko, kuma shi ne rigakafinsa, a sa shi a nono da zarar ya faɗo. Na taho a bayan babur ina maimaita maganar a zuciyata, mijina yana ta gudu don kada la'asar ta riske mu a hanya. Na gaya masa, ya ce to. Shi dai in magana ta shafi uwarsa, sai ya tuna yana da aiki a gona.

Washegarin ranar da ta ga tabon, Inna ta aika aka kira ungozoma. Za a gwada nonon. Ana matsa shi a ludayi, a jefa tururuwa a ciki. In ta fito da rai, nono lafiyayye ne. In ta mutu, ba zan shayar da abin da ke cikina ba. Inna har ta sa an ɗaure wata akuya mai ɗa a bakin rumbu, wadda za a ba jaririn nononta, tana jiran haihuwata.

Na ce, "Inna, ko a zuma aka jefa tururuwa ai mutuwa za ta yi."

Ta ce, "Ɗiyar nan, ɗaya na rufe da hannuna. Ba ni rufe na biyu don maganar asibiti." Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma wannan ya fi ba ni haushi, domin ban san yadda ake faɗa da shi ba.

Ungozomar ta iso bayan azahar, tsohuwa ce mai dogara sanda, ita ta karɓi haihuwar mijina ma. Muka gaisa gaisuwar da na ji kamar ba za ta ƙare ba. Muka shiga ɗakina mu uku. Ungozomar ta matsa nonona da yatsunta masu kaushi har hawaye ya zubo mini, da ƙyar aka samu abin da ya rufe gindin ludayin. Inna ta kamo tururuwa a bakin ƙofa ta jefa.

Tururuwar ta faɗa tsakiya. Ta yi ta wutsil-wutsil, ƙafafunta suna maƙalewa. Ta nufi gefe, ta zame ta dawo. Ɗan cikina ya harba, na dafe wurin. Duk addu'ar da na sani ta gudu daga kaina, sai sunan Allah kawai nake ja. Tururuwar ta rage motsi. Inna ta ja numfashi, ta fara salati.

Ungozomar ta ce, "Idona bai gani nan, bari in matsa ga haske." Ta juya wa Inna baya, ta fuskanci ƙofa. Ni da ke zaune a ƙasa na ga babban yatsanta ya karkata ludayin, nonon ya gangara gefe guda. Tururuwar ta samu busasshen wuri, ta ja jiki, ta haura baki tana tangaɗi.

"Ga ta nan," in ji tsohuwar. "Lafiya lau. A kwance akuya."

Inna ta karɓi ludayin ta daɗe tana kallo, sannan ta fita tana hamdala, tana share ido da gefen zane.

Na rako ungozomar zaure. Na ce, "Iya, na gani."

Ba ta kalle ni ba, tana laluben takalminta da sanda. Ta ce, "Ni ma an yi mani, ina yarinya. Tawa ba ta fito ba. Nono na zuba ga zanena, ɗiyata na kuka ga hannun wata, har ta bar kukan." Ta zura ƙafa a takalmin. "In ya faɗo ki sa mashi tun ba a wanke shi ba. Ni zan tare ƙofa."