Ranar da na amsa kira daga bayan darni

Ni ba mutum ne mai tara abin daɗi a zuciya ba, duk tasha an san haka. Amma akwai mako guda da ba zan manta ba har a rufe ni da ƙasa: makon da muka yanke hatsin taubashina don a buɗe ajin lise, wato babbar sakandare, a garinmu.

Facin taya nake yi. Na yi lakwal, wato firamare, na ci jarrabawa, aka tura ni kolej, ƙaramar sakandare, a Madawa, don lokacin duk yankinmu babu. Ba ni da kowa a can. Aka ajiye ni gidan mutanen da ba su nemi zuwana ba, na shekara biyu ina ɗibar musu ruwa kafin aji, in shiga da yunwa in yi ta gyangyaɗi. Ran nan na naɗe tabarmata na komo gida. Waɗanda nake gaba da su a lissafi, yau su ne ke tsayawa da mota, su sauke gilashi rabi, su ce in duba musu iska. Ina dubawa, amma ban yafe ba. Wa ma nake riƙe da shi, ban sani ba.

Kolej ɗin garinmu kuwa a gabana aka haife shi. Aji biyu ne na kara a gindin gawo, bayan kasuwar dabbobi, da malamai uku da allo jingine da itace. Awaki na cin bango yara na ciki suna karatu, kowace kaka sai an sake ɗaurawa. Ƙararrawarsu ma tsohon janti ne, ƙarfen tayar babbar mota, da na ba su, aka rataye shi a reshe. Sannu a hankali iyaye suka buga bulo, gwamnati ta kawo kwano, aka samu aji huɗu na gaske. A nan ɗiyata ta fari ta yi karatu har ta ci jarrabawar fita kolej.

Nan aka tsaya, don lise sai Buza ko Madawa. Na ce wa uwarta ba inda za ta, ni na ɗebi ruwan gidan wani, ya isa haka a zuriyata. Yarinya ba ta yi min musu ba. Littattafanta kawai ta ɗaure a leda ta tura ƙarƙashin gado, ta rage magana. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Ana haka daraktan kolej ɗin ya kawo babur ɗinsa faci. Yana zaune bisa benci ya gaya min an yarda a buɗe ajin farko na lise, amma da sharaɗi biyu: yara su cika adadi, kuma a samu inda za su zauna. Sufeton makarantu zai zo ranar Alhamis ya ƙirga da idonsa. Saura yara shida, duka daga ƙauyen kawuna a hanyar Karofane, iyayensu sun riƙe su yankan hatsi. In ba su zo ba, sai wata shekara, in ma da rabo.

Biyu daga cikin shidan na taubashina ne, kuma abin da ya ce shi sauran ke bi. Sunan mahaifina aka sa masa, shi ya sa tun muna yara yake ce min ɗansa. Babban yaronsa kuma takwarana ne, sunan kakanmu muka ci mu biyu. Na rufe rumfa na tafi, na iske shi cikin dattawa a inuwar rumbu.

"Ɗana, mi ya kawo ka?" in ji shi. "Jakina bai da taya."

Na gaya masa abin da ke tafe da ni, ba kwana-kwana. Ya ce hatsi ya nuna, tsuntsaye na ci, shanu kuma sun kamo hanya daga arewa, kwana kaɗan su faɗa gonaki. Gaskiya ya faɗa. Sai ya ƙara da abin da ya san zai soke ni.

"Kai da ka yi lakwal ɗin, mi anka ba ka in ba famfo ba? In kana son yara, taho ka yanke man hatsin da kanka."

Aka kwashe da dariya. Da wani ne ya faɗa da an raba mu, amma ba a fushi da taubashi. Na juya wajen dattawan na ce ko sun ji shi. Suka ce sun ji. Na ce karan fa? Ya ce in kwashe duka, in dafa in ci in ina so. Sauran iyayen ma, suna share hawayen dariya, suka ce su ma haka. Gona huɗu ke nan. Su wasa suke yi, ni kuwa lissafi nake: ga yara, ga kuma kayan gina aji.

Na komo gari na kira gayya. Ban iya lallashi ba, don haka ƙofa ƙofa na bi ina faɗa wa mutane a fuska: duk mai yaro a kolej, in yana son ya ga ɗansa ya komo da tabarma a kai irina, ya zauna gida ranar Talata. Ashe ganin yadda na ƙare ya fi kowane wa'azi aiki. Na nemi mai gangar noma, liman kuma ya yi sanarwa bayan sallah.

Safiyar Talata da na fito, sai na iske gari ya riga ni fitowa. Amalanke jere har bakin kasuwa, 'yan kabu-kabu kowa da goyon mutum biyu, mahauta, teloli, mata da ƙoren fura a ka, 'yan makaranta gaba ɗaya. Darakta ya zo da wando mai kari da takalmi sau ciki. Kafin hantsi ƙarangiya ta yi wa wandon ado har gwiwa, ƙaiƙayi ya kama shi yana susa hannu biyu, amma bai fita gona ba. Mai ganga ya samu abin yi, ya yi ta yi min kirari da mai faci, wai yau gari na zo yi wa faci. Shekara nawa rabona da dariya har cikina ya ƙulle, sai ranar.

Taubashina da fari tabarma ya shimfiɗa a gindin aduwa, yana nuna mana inda muka bar zangarniya, yana cewa 'yan birni ba su iya ɗaurin dami ba. Da azahar ta yi ya ga rabin gonarsa a ɗaure, sai ya naɗe tabarmarsa. Ya tashi ya tafi gida, ya komo da akuya a kafaɗa, ya yanka wa 'yan gayya. Kwana biyu muka gama gona huɗu. Yammacin Laraba muka kwaso kara, muka kafa dirkoki kusa da gawon nan da aka fara, muka ja darni, muka rufa sama.

Alhamis sufeto ya iso. Yaran shida kuma taubashina da kansa ya koro su cikin amalankensa, sanye da rigar Idi. Aka buga jantina, yara suka shiga. Ni ba wanda ya gayyace ni, don haka na zagaya baya na sa ido a wata kafa ta darni. Ga ɗiyata a benci na biyu, ta fiddo littattafan nan daga leda. Ƙamshin sabon kara, ƙurar alli, muryar malami yana kiran suna ɗaya ɗaya, duk suka taru suka mai da ni Madawa ban sani ba. Sai aka kira yaron taubashina. Sunana ne, da sunan ubana, daidai yadda ake kira na shekara talatin da suka wuce.

"Firezan," na ce da ƙarfi, yadda ake amsawa a aji.

Ajin ya fashe da dariya. Ɗiyata ta rufe fuska da hijabi, kafaɗunta na rawa. Sufeto ya leƙo ya ga ƙato da furfura a gemu da riga duk baƙin mai. Na so ƙasa ta tsage. Darakta ya matsa ya yi masa bayani a kunne, mutumin ya dube ni, ya dubi darnin.

"Wannan ba ya cikin ƙirga," in ji shi. "Amma ku ba shi wuri ya zauna."

A bencin baya na zauna, gwiwata na tokarar tebur, har aka gama kira. Adadi ya cika, sufeto ya sa hannu a takarda. Da muka fito taubashina ya ce ashe sai da na yi furfura na shiga lise, kuma a gonarsa aka yanko min ita. Na ce ya rufe min baki.

Yanzu makarantar tana da katanga da azuzuwan siminti, ɗiyata ma alli take riƙewa a wani ƙauye kusa da Allakaye. Jantin yana nan a reshe. Yaran da ba a haifa ba lokacin, in sun wuce rumfata sai sun ce firezan, in kore su da famfo.

Ban zama mai fara'a ba, kada a yi min ƙarya. Masu sauke gilashi rabi har yau suna ba ni haushi. Amma na gane shekara talatin na yi ina jiran wani ya zo ya ba ni haƙuri, kuma ba mai zuwa. Abin da aka hana ka ba ya dawowa. Iyakar abin da ke hannunka shi ne ka tsaya kada a hana na bayanka, ko da sai ka yanke hatsin wani.